Babandi Zai Narka Tumbi

A shekarar da aka canja kuɗi, Babandi dillalin doya ya tsaya a gindin mangwaron da ke bakin hanyar Akurba, inda maza ke shan shayi da hantsi, ya yi shelar cewa zai narkar da tumbinsa kafin Juma'a, kuma ba zai bar ko loma ɗaya ta sakwara ba.

Tumbin nan ba ɓoyayye ba ne a Lafia. Shi yake fara shiga kasuwar doya, sai an gama gaisawa da shi sannan mai shi ya iso. Babandi ya raɗa masa suna Rumbu. In ana ciniki yakan shafa shi ya ce duk wanda ya ga wannan ya san ba da matsiyaci yake magana ba. Direbobin da ke lodin doya zuwa Kudu ma da shi suke kwatance: ka wuce injin shinkafa, ka tambayi mai Rumbu.

Abin da ya jawo shelar kuwa, jiri ne ya kwashe shi a kasuwa, ya zauna daɓas a kan tarin doyar wani manomi daga Agyaragu, ya mai da rabinta sakwara tun ba a dafa ba. Matarsa Sailuba ta tasa shi gaba sai asibiti. Likita Francis ya ɗaura masa abin awo a damtse, ya hura, ya duba, ya sake hurawa.

"Malam Babandi, jininka ya hau sosai. Ciwon suga ma yana bakin ƙofa. Kitsen nan zuciyarka ce take dakonsa dare da rana. Gwiwoyinka ba sa ciwo?"

"Gwiwar manya dama takan yi magana."

"Kana munshari?"

"Ban taɓa ji ba."

"Ni na ji," in ji Sailuba. "Maƙwabta ma sun ji. Wani lokaci numfashin ya ɗauke gaba ɗaya, sai na taɓa shi ya dawo."

Likita ya ce a rage sakwara da man ja da nama mai kitse, a rage suga a shayi, a riƙa tafiya a ƙafa kowace safiya. Ya ce abin a hankali ake yi, cikin shekara za a ga bambanci. Sailuba kuwa hankalinta yana kan Wakili, yayan mijinta, mai irin wannan tumbin, wanda ɓarin jikinsa ya shanye tun daminar bara, har yau sai an juya shi a shimfiɗa. Suna isa gida ta kwantar da turmin sakwara, ta gangara shi har gidan maƙwabciyarsu Hembadoon mai sayar da garin rogo, ta dawo ta ɗauki taɓaryar ta kai.

"Ban shirya takaba ba, Baban Daso," ta ce masa. "Turmin nan ba zai dawo ba sai tumbin ya sauka."

Shi ya sa da gari ya waye Babandi ya yi shela. Nababa, taubashinsa, wanda bai taɓa barin maganarsa ta faɗi ƙasa ba, ya ajiye kofin shayi.

"Likita ya ce shekara, kai ka ce Juma'a. Ta wace shekarar?"

"Ta makon nan. Ku saurara ku ƙaru. Kun taɓa tsayawa wurin mai tsire?"

"Kai dai ka fi mu tsayawa."

"Kitse in ya ji wuta, me yake yi?"

"Ɗiga yake," in ji mai shayi.

"To shi ke nan. Kitsen sa da kitsen mutum duk kitse ne. Likita ya yi karatu har karatun ya rufe masa abin da ke gaban hancinsa. Zafi kawai tumbin nan yake jira. Zan narka shi, turmina ya dawo, kuma in koya wa asibiti aiki kyauta."

Ranar nan da rana ta take tsaka, Babandi ya naɗe jikinsa da leda, ya ɗora bargo, ya rufa da buhunan algarara, ya je bayan gida ya zauna a kan wani tsohon kwanon rufi da rana ta gasa. Watan zafi ne, irin wanda ƙadangare ma ke neman inuwa. Yana zaune yana nishi sai Hembadoon ta fito shanya rogo. Ta ga tarin buhu yana kumbura yana saɓewa, yana gurnani. Ta koma ciki a hankali, ta fito da taɓaryar Sailuba, ta ɗaga ta sauke a inda ta ga ya fi tudu.

Tarin buhu ya yi salati.

"Oga Babandi, kai ne?" Ta yaye buhun. "Wallahi na ɗauka dodo ne ya ɓata hanya daga ƙauye. Me ya sa kana dafa kanka? Matarka ya sani?"

"Magani nake yi, Madam. Da taɓaryata kuma za ki kashe ni?"

"Yi haƙuri. Ba ka ce kana son sakwara ba? Ga shi ka samu rabi."

Da la'asar ya ɗingisa zuwa gindin mangwaro, ya matse rigarsa a gaban jama'a, ruwa ya zuba shaa.

"Kun gani? Wannan na farko ke nan."

"Gumi ne," in ji Nababa.

"Kitse ne da ya narke. Ai ba ka san kimiyya ba."

Ƙishirwa ta sa ya shanye ƙwaryar kunun gyaɗa mai suga har yana kama leɓe. Daga nan ya ga ya kamata a saka wa jikin da ya sha wahala, ya zarce tasha, ya shiga rumfar Madam Doose ta baya, aka ajiye masa malmalar sakwara biyu da miyar agushi da ganda. Da ya shigo gida Sailuba ta karɓi hularsa, ta ɗan tsaya.

"Ƙanshin agushi nake ji."

"Iska ce ta kwaso daga tasha."

"Iskar ce ta bar maka man ja a gemu?"

Washegari ya ce tunda kitsen ya yi laushi, saura matsewa. Ya sa mai faci ya yanko masa robar taya, irin wadda ake ɗaure kaya a bayan babur. Mutum biyu suka riƙa zagaya shi suna ja, ɗaya ya dafa ƙafa a bayansa kamar mai ɗaure dami. Da aka gama Rumbu ya rabu biyu, rabi ya hau ƙirji, rabi ya gangara cinya. Babandi ya zura riga ya tako zuwa majalisa a sandare, hannuwa a buɗe kamar zakara zai yi cara.

"Ina Rumbu?" in ji mai shayi.

"Ya tafi," in ji Babandi, da wata siririyar murya da ba a san shi da ita ba.

"Zauna mana, ga benci."

"Masu ƙaramin jiki ba su cika son zama ba."

Nababa ya zagaya shi yana duba. "Taubashi, ka rame a tsakiya, ka yi ƙiba a sama. Da ganin ka an ga kalangu."

A daidai lokacin mai shayi ya watsa attarugu a cikin man da yake soya ƙwai. Hayaƙin ya tashi ya nufi hancin Babandi. Ya toshe hanci, ya ɗaga kai sama, ya riƙe numfashi, idanu suka kawo ruwa. Atishawar ta zo duk da haka. Robar ta tsinke ta fito ta ƙasan riga, ta share gwangwanayen madarar da mai shayi ya jera kamar dala, ta wuce da hular Nababa ta rataye ta a reshen mangwaro. Rumbu ya dawo mazauninsa yana rawa, kamar wanda ya dawo daga tafiya yana gaisawa da mutane.

"Maraba da dawowa," in ji Nababa, yana kallon tumbin. "Ya hanya?"

"Robar jabu ce," in ji Babandi. "Komai na ƙasar nan ya lalace."

Da yamma Sailuba ta zaunar da shi a tabarma tana shafa masa man kaɗanya a sawun roba. Hannunta a hankali yake tafiya, kamar tana tsoron kada ta ƙara masa ciwo.

"Baban Daso, tafiya kawai aka ce. Ni zan raka ka. Mu fita da sassafe, mu kai bakin rafi mu dawo."

"Ni? In yi ta yawo a ƙafa kamar wanda aka ƙwace wa babur? Kafin azahar an ce Babandi ya karye. Wane manomi zai ba ramammen dillali doyarsa?"

"Ni ba doya na aura ba."

"Ki dai shirya tukunya. Ranar Juma'a za ki ji ƙarar turmi a gidan nan."

Ta ci gaba da shafa man.

Ana gobe Juma'a ya je injin shinkafa ya hau sikelin da ake auna buhu. Allurar ta wuce inda ta tsaya a asibiti, ta ƙara gaba kaɗan. Babandi ya ce sikelin ya saba da yi wa manoma ƙarya. Yana saukowa idonsa ya faɗa kan inda ake turara shinkafa: ga duro a kan murhu, an jiƙa shanshera a ciki, ana tura ɓuntu a wuta, tururi yana tashi. Ya tsaya ya daɗe yana kallo, sannan ya buga cinya.

"Ga inda na yi kuskure. Rana waje kawai take gasawa. Wannan kuwa har cikin ƙwaya yake shiga."

Akaa, mutumin da ke kula da wutar, ya ji bayanin ya girgiza kai. "Oga, wannan duro na shinkafa ne, ba na mutum ba. Mai injin ya tafi Agyaragu, in ya dawo ni zai kama."

"Mai injin abokina ne. Kai dai ka ɗumama ruwa, sauran aikin na masu ilimi ne."

Safiyar Juma'a filin injin ya cika. Babandi da kansa ya bi rumfa rumfa yana gayyata, har ya ce wa Iyatu mai ƙosai ta zo da kwano da ludayi ta kwashi man da zai taso, kyauta.

"Wanda zai ci ƙosan nan sai dai kai," in ji Iyatu, amma ta zo, don ba a ba ta labari.

Sailuba kaɗai bai gaya wa ba. Ya ce mata zai je duba wata doya.

Ya tuɓe ya bar gajeren wando, ya mulke jikinsa da sabulu, ya taka benci ya zura ƙafafu a duro. Ƙafafu suka shige, cinyoyi suka shige da ƙyar, Rumbu ya zo bakin duro ya zauna ya ƙi.

"Ku danna," in ji Babandi.

Ƙarti biyu suka dafa kafaɗunsa suka danna. Aka ji wani sauti kamar an cire ƙafa daga taɓo, sai ga Babandi a ciki, a durƙushe, gwiwoyi sun haɗe da tumbi, kai da hannuwa kaɗai a waje. Ruwa ya yi ambaliya ya kusa kashe wutar. Akaa ya ɗan tura ɓuntu kaɗan, yana waige.

"Ƙara wuta. Wannan ai wankan jego ne," in ji Babandi.

"To barka da arziki," in ji Nababa. "Me aka samu, mace ko namiji?"

Jama'a suka kwashe da dariya. Babandi bai kula ba, yana ta bayani yadda zai buɗe wurin narka tumbi a bakin tasha, da duro na maza da na mata, har manyan Jos su riƙa zuwa layi. Can sai wani farin abu ya taso a saman ruwa ta gefen hammatarsa.

"Ga shi nan ya fara. Iyatu, kawo ludayi."

Iyatu ta ɗebo ta sansana. "Sabulu ne, Babandi."

"Na sama ne sabulu. Ki jira na ƙasa."

Aka jira na ƙasa. Tururi ya fara tashi. Bayanin Babandi ya fara raguwa, daga dogon zance ya koma guntaye. Fuskarsa ta yi duhu, idanu suka kaɗa, jijiyar goshinsa ta fito tana bugawa.

"To," ya ce, "ya isa na yau. A fito da ni in duba awo."

Aka kama hannuwa aka ja. Duro ya taso tare da shi. Akaa ya watsa wutar da sauri, aka sauke duron aka kwantar, ruwan ya tsiyaye. Wasu suka riƙe gindin duro, wasu suka riƙe Babandi, aka ja har wani ya faɗi zaune a cikin toka. Wata mai man ja ta ba da kwalba aka tsiyaya ta gefe ta gefe. Babandi ya yi ja yana ƙyalli, amma ko motsi.

"An sa mai, an sa wuta," in ji wani daga baya, "saura gishiri."

Wannan karon dariyar ba ta yi nisa ba, don Babandi ya dafe ƙirji da hannu ɗaya, numfashinsa yana fita guntu guntu.

"Nababa," ya ce a hankali. "Ƙirjina. A kira min Sailuba."

Nababa ya tura mai keke Akurba ya ɗauko Sailuba daga gida, ya daka wa ƙartin tsawa. Babu motar da duro da mutum za su shiga tare, sai aka kawo amalanken dakon buhu, aka ɗora shi a kwance aka tare da duwatsu don kada ya gangara. Hanyar asibiti kuwa ta tsakiyar kasuwa ta bi, ga cikar Juma'a. Nababa yana gaba ba hula yana buɗe hanya, Akaa yana fifita da murfin kwali, rabin kasuwar doya na biye. Direbobin Kudu suka hau saman motocinsu suna kallo. Wata tsohuwa da ta shigo daga Arikya ta tare hanya tana tambaya ko duron na sayarwa ne in an juye abin ciki.

Ƙofar ɗakin likita ta ƙi duro, sai aka ajiye shi a baranda. Likita Francis ya fito ya tsuguna, ya auna damtsen da ke waje, ya sa aka jiƙa tawul aka lulluɓe masa kai da wuya, aka ɗura masa ruwa kaɗan kaɗan, ya ba shi magani. Aka aika a kira maƙeri. Da numfashin ya ɗan daidaita, likita ya share goshinsa.

"Malam Babandi, na ce ka dawo in sake duba ka. Ban ce ka zo da ɗakinka ba."

Babandi ya buɗe baki zai ba da amsa, sai jama'a suka dare. Sailuba ce. Zanin gado ta yafa a maimakon mayafi, hannunta duk garin kuka, ƙafarta ba takalmi. Mai keken ya ce ko tsayawa ba ta yi ya ɗauko ta ba, tun daga Akurba a guje ta zo. Ta durƙusa a simintin, ta ɗaga kan mijinta ta ɗora a cinyarta.

Kowa yana jiran faɗa. Babandi ma ya runtse ido yana jira.

"Ka ja numfashi a hankali," ta ce. "Ina nan."

Maƙeri ya zo da kurfi da guduma ya fara tsaga duron daga gindi. Duk bugu ɗaya sai duron ya amsa kamar ƙararrawa, Rumbu ya girgiza a ciki. Sailuba ta toshe wa mijinta kunnuwa da tafin hannunta. Daga inda kansa yake, ba abin da yake gani sai ƙafafunta. Ƙura ta rufe su, babban yatsa ya fashe yana jini, ita ko ta kansa ba ta bi ba. Babandi ya daɗe yana kallon yatsan nan. Nababa ya ce tun suna yara bai taɓa ganin an yi minti guda bakin taubashinsa a rufe ba sai ranar.

Da aka ɓare duron aka zaro shi, likita ya sa aka kwantar da shi a gado.

"Yau ka tsallake," ya ce. "Zafi ba ya narka kitsen mutum. Ruwan jikinka kawai yake kwashewa, ya bar zuciyar da ta riga ta gaji da ƙarin aiki. Da sun ƙara jinkiri, da yanzu wani zancen ake yi."

"Duron ne ƙarami," in ji Babandi, amma a hankali ya faɗa, kuma da Sailuba ta dube shi sai ya juya fuska bango.

Bayan an sallame shi, da yatsan Sailuba ya warke, masu dawowa daga masallaci da asuba suka fara ganin mutum biyu a hanyar rafi. Ɗaya ƙato, yana tafe yana haki yana share gumi. Ɗaya siririya kamar tsinken tsintsiya, tana riƙe da butar ruwa, tana rage sauri ba tare da ta nuna tana ragewa ba. Wata safiya suka yi kiciɓis da Nababa a gindin mangwaro, mai shayi yana hura wuta.

"A'a, mai Rumbu a ƙafa? Ina babur, ko an karye ne?"

Babandi ya tsaya, ya dafa mangwaro har numfashinsa ya dawo, sannan ya nuna matarsa da haɓa.

"Matar nan nake yi wa magani. Na lura ta fara ƙiba. Ni na ƙirƙiro dabarar, tafiya da sassafe, ba wuta ba roba. Likita ma ya ce zai gwada a kan marasa lafiyarsa."

Nababa ya dubi Sailuba daga sama har ƙasa, yana neman inda ƙibar ta ɓuya. Ita kuwa ta gyara mayafinta, ta miƙa wa mijinta butar.

"Gaskiya ne, Yaya Nababa," ta ce. "Ciwon nawa ma mai naci ne. An ce sai na shekara ana raka ni kullum." Ta juya ga Babandi. "Mu je, Baban Daso. Amma ka riƙa jira na, ka cika sauri."